Mai Kwalekwalen Gulbi na Farko

Yaba, Legas
6 ga Yuli

Zuwa ga Baba Tsoho, Malam Isiyaku na Makera,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Rakiya da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Mama ta ce har yanzu kana ƙin riƙe sanda, wai kada matan unguwa su ce ka tsufa. Ni lafiyata lau, sai ruwan Legas da bai san gajiya ba.

Na tuna ka ce waya ta "ina kwana" ce, magana kuwa sai a takarda. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direba ya sauke a garejin Television. In Hausata ta karkace ka yi haƙuri. Jikar taubashiyarka Laraba ce ni, amma shekara tara ke nan ina cin abincin Legas.

Ka san a kamfanin da ke yin gem nake aiki, irin wasan da ake bugawa a waya. Muna da wani mai suna Gulbi Bakwai, labarin wata yarinya da ke bin sawun karsanarta da ta ɓace. An yi shi tun kafin in zo. Masu bugawa suna ba gem tauraro, daga ɗaya zuwa biyar, namu ya tsaya a uku. Ba a zage shi ba, ba a kuma yabe shi ba. Oga Wilson yana so a gyara shi ko ya ɗan ɗaga.

Makon jiya ina duba tsofaffin takardu na ci karo da sunan wanda ya yi muryar mai kwalekwale a gulbi na farko. Haliru Isiyaku, Kaduna. Baba, Kawu Haliru ne. Shekara huɗu da suka wuce ya yi musu aikin, daga can gida ya ɗauka ya turo. Na sa iyafis na saurara, sai da na shiga bayi na wanke fuska. Shekara biyu da rasuwarsa, ga shi yana yi mini sannu da zuwa.

Ga matsalar. Wasu masu bugawa sun ce mai kwalekwalen ya cika dogon zance, kuma ana jin hayaniya a bayan muryarsa. Oga yana tunanin a cire shi a ɗauko wani a situdiyo. Na ce a dakata, ina da dattijo wanda ya fi mu sanin Hausa, kuma ya fi kowa haƙƙi a maganar. Mama za ta kawo maka babbar waya daga Narayi, na sa gem ɗin a ciki, za ta nuna maka yadda ake yi.

Ka duba duka, ka gaya mini inda ya yi kyau da inda ya gaza. Sannan ka gaya mini gaskiya, a bar muryar ko a cire. Abin da ka ce shi zan kai mitin. In kuma jin ta zai fama maka ciwo, ka faɗa, zan gane.

Jikarka,
Miriam

Makera, Kaduna
24 ga Yuli

Miriam, 'yar Lizzy, jikar Laraba mai tsiwa,

Takardarki ta same mu lafiya, mun gode Allah. Ƙafa tana nan, ni ma ina nan, muna zaman haƙuri da juna. Innarki tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko a Legas ba a sayar da mazan aure. Hausarki ba ta karkace ba, ta ɗan rame ne kawai.

Uwarki ta kawo allon nan naku, ta zauna ta koya mini kamar mai koya wa jaki rawa. Kwana uku yarinyar cikin wasan tana bin bango tana buga goshi kafin yatsana ya gane hanya. Yanzu kullum bayan La'asar nakan fito gindin mangwaro in duba muku aikinku.

Kin ce tauraro uku ya samu, kina faɗa kamar an kama shi da sata. Shekara ashirin da shida na yi a masaƙa ina duba yadi kafin a naɗe. Akwai na ɗaya, wanda ake kai wa manya. Akwai wanda ake zubarwa. Amma mafi yawa na tsakiya ne, mai ɗan zare da ya tsallake nan, ɗan rini da ya zarce can, kuma shi ne jama'a ke ɗinkawa su je biki. Wasanku irin wannan yadin ne.

Bari in fara da zaren da ya tsallake. Kasuwar da kuka zana, kowa fuskarsa ɗaya. Mai gishiri, mai manja, mai tukwane, sai ka ce mace ɗaya ce ta haife su ranar Laraba. Akwai wata akuya da ke shiga ta bango ta fita ta bango, ba sallama. Da a ƙauyenmu ne da an kira mata malamai. Ruwan sama yana zuba har cikin ɗaki, amma wannan ban riƙe ku da shi ba, haka ɗakinmu na baya yake yi. Sannan yarinyar tana ɗaukar tulu biyu, da igiya, da buhun gero, da kaza, ta zuba a aljihu, tana gudu. Ku turo mana telan da ya ɗinka mata rigar.

Abin da kuka iya kuwa, kun iya. Wasan ba ya yi wa mutum ihu. Ba wanda ke harbin wani. Yarinya ce da karsana da hanya, kamar yadda kakata take fara mana labari, ba ta gaggawa, sai ta gama tsefe audugarta. Wanda ya yi ƙarar ruwan nan ya taɓa zama a bakin kogi, na rantse. Hasken yamma ma a kan ciyawa, haka yake.

Sai wancan na bakin ruwa da kika tambaya.

Ba a yi wa mutum irina wannan tambayar, amma tunda kin yi, to surutu ne da shi. Mutum ya zo zai haye, ka tsare shi da labarin wani kifi da ya haɗiye agogo. In ka tsaya ba ka shiga jirgin ba sai ya ɗauko wani zancen, in ka ƙara tsayawa ya ɗauko wani. Na ƙirga, magana arba'in da ɗaya gare shi, babu ta kirki ko guda. Yana dariya ta hanci. Yana jan "to" kamar mai jan guga. Kun kuma ba shi gemu har ƙirji, abin da bai taɓa iya tarawa ba. Hayaniyar da ake faɗa gaskiya ce. Ana jin zakaran gidan nan, ana jin injin niƙan maƙwabta, a magana ta ashirin da bakwai a lissafina har ana jin wani tsoho marar ta ido yana ihu a kan famfo. Wannan aiki ne? Da ni ne ogan da tuni na sallame shi.

Ban ga sauran gulaben shida ba, don ban haye ba tukuna. Kullum in na kai yarinyar bakin ruwa sai ta tsaya. Innarki takan kawo tirenta kusa ta zauna tana tsintar shinkafa, ta juya mana baya. Da can a wannan lokacin takan shiga maƙwabta hira, yanzu ta daina, ban san dalili ba.

Ki ci abinci. Ki gai da ogan naki.

Ni ne,
Tsohon da kika raina

Yaba, Legas
8 ga Agusta

Baba Tsoho,

Ina gaisuwa, ina fata ƙafa ta yi sauƙi, Inna kuma tana lafiya. Ka gaya mata mazan suna nan, tsada ce ta yi musu yawa.

Wasiƙarka ta ba ni dariya har abokan aiki suka taru a kaina. Maganar akuya da telan yarinya, duka na fassara musu. Wanda ya zana kasuwar ya ce a ba ka haƙuri, lokaci ne ya ƙure masa, fuska ɗaya ya samu ya gama.

Amma da na zo ƙarshe dariyar ta tsaya. Na karanta sau uku. Na ga ko sunan Kawu Haliru ba ka iya rubutawa ba, na ga Inna tana juya baya, na ga yadda ka bi shi da faɗa daga farko har ƙarshe. Na gane na yi wauta. Na ɗauko abin da kuka yi shekara biyu kuna ƙoƙarin binnewa na ajiye muku a tsakar gida. Ka yafe mini.

Na yi abin da ka ce. Na fassara wannan sashen na ba Oga Wilson, har inda ka ce da kai ne da ka sallame shi. Ya ce in mahaifin mutum da kansa ya faɗi haka, magana ta ƙare. An sa takardar a fayil, an ɗauki wani mai karanta labarai, muryarsa tas, zai shiga situdiyo wata mai zuwa. Za a rage zancen ya koma magana shida. Ranar 15 ga Oktoba sabon zai fita. Ba sai ka yi komai ba. Gem ɗinmu ba ya buɗewa sai da data, kuma yana buɗewa zai sabunta kansa, tsohuwar muryar ta tafi a kowace waya.

Batun hayewa, ba kai kaɗai ba ne, mutane da yawa suna maƙalewa a nan, laifinmu ne. Ka matsa da yarinyar har ƙafarta ta taɓa jirgin, sai ka danna jirgin sau biyu da sauri. Kana hayewa shi ke nan, ba a sake haɗuwa da mai kwalekwalen a gem ɗin, sai ka huta. Gulbi na uku ya fi kowanne kyau, akwai dorina.

Taka,
Miriam

Makera, Kaduna
19 ga Satumba

Miriam,

Muna lafiya. Na ga kiranki sau da yawa, uwarki ma ta aiko a ji ko ƙalau. Ƙalau ne. Alƙalami ne ya yi nauyi.

Ruwa ya yi yawa bana. Kogin Kaduna ya cika ya shiga gonakin mutane. Ranar Juma'a na hau Keke mai ƙafa uku na je kan gada na tsaya ina kallonsa, har wani ɗan sanda ya zo ya ce, Baba, lafiya? Na ce masa ina duba wa wani kamfani aiki ne.

Na karanta abin da kuka yanke. Kin yi aikinki, an ce ki kai magana kin kai. Allah ya sa haka ya fi alheri. Na gode da bayanin danna jirgi. Na san da shi tun kwana na huɗu.

Shi sabon da kuka ɗauka, mai murya tas, yana da uba? In yana da shi, ku gai da shi.

Wani abu ya faru ranar Talata, ko za ki ƙara a cikin abubuwan gyara. Na kai yarinyar bakin ruwa, jirgi yana nan yana lilo, babu kowa a ciki. Filafilin yana tsaye shi kaɗai a iska, yana tuƙi. Na jira. Can sai muryar ta fito ta bayanmu, ta wajen da babu kowa sai ciyawa, ta ce, "A'a, an dawo? To, sannu da ƙoƙari." Na san ɓacin na'ura ne, irin na akuyar nan. Amma sai da na waiga bayana, ni da nake zaune a gindin mangwaro. Innarki ta ajiye tire ta shige ɗaki, kaji suka yi biki da shinkafar. Washegari ya koma cikin jirginsa da gemunsa kamar bai yi komai ba. Haka yake tun asali.

Tambaya ɗaya gare ni. Ranar sha biyar ɗin, da safe ne abin zai canza ko sai yamma? Ina so in san ko akwai La'asar ɗin ranar a ciki.

Isiyaku

Yaba, Legas
27 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, lokaci ya matse.

Jiya a mitin Oga ya haska mana wani jadawali a bango. Muna iya ganin inda masu bugawa ke tsayawa, ba ma ganin suna, sai gari. Ya nuna wani layi ya ce, ku dubi yadda gulbi na farko ya lalace, ga wani bawan Allah a Kaduna, kwana saba'in da huɗu yana buɗe gem ɗin ƙarfe huɗu da rabi, ya yi awa guda a bakin ruwa, bai taɓa shiga jirgi ba. Kowa ya yi dariya. Wasiƙarka tana cikin jakata, wadda ka ce ka san da danna jirgi tun kwana na huɗu. Na tashi na fita.

Na kira Mama na karanta mata wasiƙunka biyu. Ba ta bari na gama ba. Ta ce, "Ke wace irin 'yar Kaduna ce? Ɗan fari ne fa! Tun da aka haife shi kin taɓa jin tsohon nan ya kira sunansa? So kike ya zauna ya rubuta miki cewa ɗansa gwani ne? Mutumin da ya ƙirga magana arba'in da ɗaya, shi ne kika ce ba ya son ji?" Ta ce Kaka Laraba, duk da ta yi aure a Kagoro tana zuwa coci, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari, Kawu Wilfred, ba, sai dai "wannan yaron". Ranar da ya zo na ɗaya a makaranta cewa ta yi malaman ne ba su iya lissafi ba. Ta ce ni kuwa 'yar autarta ce, shi ya sa aka lalata ni da kiran suna.

Baba, ban sani ba. Na ji ana faɗin kunyar ɗan fari, na ɗauka abin da ya wuce ne.

Na koma wajen Oga na yi masa bayani. Ba mugu ba ne, ya saurara. Amma ya ce shi ma akwai waɗanda yake ba amsa, kuma abin da ke cikin fayil kalmomin mahaifi ne, baƙi a kan fari, cewa a sallame shi. Ba zai je ya ce musu a Arewa "a sallame shi" na nufin "a bar shi" ba. Ya ce in mahaifin ya sake rubutawa da hannunsa, ya ambaci mutumin da sunan da ke cikin yarjejeniyar aiki, ya ce aikin ya yi kyau kuma yana so a bar shi, to zai bar shi yadda yake, da zakara da injin niƙa da komai, ya ba sabon mutumin wani gulbin. Ya yi mini alkawari a gaban mutane. Amma ranar 7 ga Oktoba ake rufe gyara. Bayan nan ko shi ba zai iya taɓawa ba.

Na roƙe shi ko ni in rubuta a madadinka, ya ce a'a. Na ce ko Inna, sai na tuna ita ma ɗanta na fari ne.

Na san abin da nake roƙo. In ba za ka iya ba, akwai wata hanya. Zan nemi izini in kwafo maka maganganun duka a waya, ka riƙa saurara a jere duk lokacin da ka so. A gem ɗin ne kawai zai tafi.

In za ka rubuta, ka ba direban safe, zan je in tsaya a gareji da kaina.

Miriam, mai laifi

Makera, Kaduna
2 ga Oktoba

Miriam, jikata,

Gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya fara ja da baya, ƙafa ta ɗan saki. Ki daina kiran kanki mai laifi. Kin yi tambaya a miƙe, aka ba ki amsa a karkace, kika ɗauka yadda aka ba ki. Uwarki kuwa bakinta na Laraba ne, ban yi mamaki ba.

Kwafin da kika ce, na gode, amma ba na so. In kin jera mini maganganun a waya, ni zan danna su fito, in danna su tsaya, kamar ana kunna mamaci. A can kuwa yana bakin aikinsa. Sai na tako na zo kafin ya ɗago kai. Wani lokaci ya fara da kifi, wani lokaci da farashin gishiri, ban san wanda zai zo ba. Kuma ba ni kaɗai yake yi wa ba. Ina zaune a nan nakan tuna cewa a wannan sa'ar akwai wani yaro a Jos, ko wata a ƙasar da ban san sunanta ba, sun zo bakin ruwa, yana tsare su da zance, suna tsaki, yana hayar da su. Mutum uku cikin biyar ma in sun gode, ai ya fi ni, ni da na duba yadi shekara ashirin da shida ba wanda ya san da ni.

Bari in gaya miki yadda aka yi aikin nan, tunda takardunku ba su rubuta ba. A ɗakin ƙofar gida yake shiga da rana tsaka, in ya dawo daga rumfarsa ta gyaran waya a Kakuri. Ya rufe taga, ya lulluɓa da bargo har kai, cikin zafin nan, wai don kada ƙara ta shiga. Mutum mai shekara kusan arba'in. Ina wucewa in ji shi ƙarƙashin bargo yana hira da ruwa. Na ce wa innarki, wancan ya fara taɓuwa, a nemo magani. Labarin kifin da agogo kuwa nawa ne. Kakata ta ba ni shi da zobe, ni na mai da shi agogo, na ba 'ya'yana lokacin suna yara, ina kallon ƙannensa ina ba da shi, shi yana can gefe. Ban san yana ji ba.

Tsoho marar ta ido na magana ta ashirin da bakwai, kin san ko waye. Cewa nake, "Kai! Wa ya bar famfon nan yana zuba?" In kin sa kunne sosai za ki ji ya tsaya, ya danne dariya, ya ce a hankali, "Ina zuwa, Baba," sannan ya ci gaba da zancen jirgi. Ma'aikatanku ba su yanke ba, ko ba su ji ba, ko sun gaji. Allah ya yi wa gajiyarsu albarka. Duk duniya nan ne kaɗai muryata da tasa suke wuri ɗaya, kuma faɗa nake yi masa. Ba shi ya bar famfon ba ma. Ni ne.

Haka aka yi mana, haka muka yi. Ubana bai kira ni ba, ni ban kira wancan ba. Ana cewa ɗa ya sani ko ba a faɗa ba. Na yarda da haka har ranar da muka dawo daga maƙabarta. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko ya sani ɗin, kuma babu wanda zan tambaya.

Takarda uku na lalata. In na zo wurin sai hannu ya rubuta "wancan" da kansa. Ga ta huɗu nan a ƙasa, ki yanke ki ba ogan, ki fassara masa daidai, kada ki gyara mini komai.

Zuwa ga Malam Wilson. Ni ne mahaifin wanda ya yi muryar mai kwalekwale a wasanku. Abin da na rubuta a baya ba haka yake a zuciyata ba, al'ada ce ta riƙe mini baki. Sunansa Haliru Isiyaku. Haliru ya iya aikinsa. Ya iya ba da labari fiye da ni, fiye da wadda ta koya mini. Dariyarsa ta hanci ta uwarsa ce, ba a samunta a situdiyo. Yaro ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya riƙe gidan nan shekara goma sha ɗaya bayan an rufe masaƙa. Ina alfahari da shi. Ina roƙonka ka bar shi a bakin aikinsa.

Shi ke nan, Miriam. Da na gama na ce bari in karanta a fili in ji ko akwai kuskure, don idona ba shi da tabbas yanzu. Hantsi ne, ina gindin mangwaro, na manta innarki tana madafa. Na kai kan sunan, na faɗe shi da ƙarfi yadda ake kiran mutum. Shekara arba'in da uku bai taɓa fita daga bakina ba, har ya yi mini baƙo a harshe.

Sai na ji murfin tukunya ya faɗi. Ta fito da ludayi a hannu, ba ta dube ni ba. Ƙofar gida ta duba. Ta daɗe tana dubawa, ni ma na taya ta. Babu wanda ya shigo.

Da ta gaji ta zo ta zauna a bakin tabarmata, ta ce, "Sake karantawa. A hankali."

Direban safe zai taso da wannan gobe in Allah ya kai mu. Ki je da wuri.

Isiyaku, uban Haliru